Kwana biyu a Rodos: cikin ganuwa za a fara ko bakin ruwa?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsibirin Rodos na ƙasar Girka. Kwana biyu cur ne a hannu, cikin watan Yuli, da uwargida da yara biyu, babban shekara 11, ƙaramar shekara 6. Abu biyu ake so a gani: tsohon garin da ke cikin ganuwa, da bakin tekun da ake kira Elli. A taswira kamar suna maƙwabtaka. Wanne ya kamata a fara? Kuma a ina ya fi a kama masauki?

Ɗan Gwale:
Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Maƙwabtaka suke kam. Daga Ƙofar Eleftariyas, wadda ke fuskantar tashar jiragen ruwa ta Mandiraki, zuwa Elli tafiyar minti 15 ce zuwa 20 a ƙafa, ta bakin ruwa, babu hawa babu gangara. Saboda haka nisa ba shi ne matsalarka ba. Abu uku ne za su tsara maka yini ko ka so ko ka ƙi: rana, iska, da manyan jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido.

Jiragen nan da safe suke tsayawa, kuma tasharsu tana jikin ganuwar. Daga wajen ƙarfe 9 da rabi zuwa 10 sai su juye mutane dubbai cikin gari, kowace tawaga da jagoranta yana ɗaga tuta. Ba sa raguwa sai bayan la'asar. To ka kasance a bakin ƙofar fada, wato tsohuwar fadar masu mulkin garin da yanzu ta zama gidan tarihi, ƙarfe 8, lokacin da ake buɗewa a watannin zafi. Ka gama da manyan wurare kafin 11, ka koma masauki ka kwanta, da yamma ku tafi ruwa. Gari da safe, teku da yamma.

Maman Walid:
Malam Ɗan Gwale, ka manta ya ce da uwargida da yara. Ni a ganina an juya lissafin. Elli da yamma cike yake maƙil, kuma shigar mutanen wurin ba irin wadda magidanci zai so ya zauna a tsakiyarta da iyalinsa ba ce, wasu matan ko na sama ba sa sawa. Amma daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe tsofaffin 'yan gari ne kawai ke zuwa su yi ninƙayarsu su tafi. Ga ruwan a kwance, saboda iskar bazararsu, wadda suke kira meltemi, da rana take ƙarfi, tana kaiwa ƙarshe da yamma, cikin dare ta lafa. Gidajen tarihin kuwa a lokacin zafi suna kaiwa ƙarfe 8 na yamma a buɗe. Me zai hana a yi ruwa da sassafe, a shiga gari ƙarfe 5 bayan jiragen sun kwashe mutanensu?

Ɗan Gwale:
Hajiya, maganarki a kan hanya take ta fuskar kunya da kwanciyar ruwa, ban musa ba. Abin da ya sa nake tsoron yamma shi ne dutse. Garin nan duka dutse ne, ƙasa da bango. Yana shan rana tun safe, ƙarfe 5 yana mayar da zafin da ya sha. Wanda ya shiga ƙarfe 8 na safe a kan dutsen da ya kwana yana hucewa yake tafiya.

Bazazzagi:
Ku daina ja, ai kwana biyu ya ce. Rana ta farko a bi Ɗan Gwale, ta biyu a bi Hajiya. Tsohon garin dama ba a gama shi a shiga ɗaya. Shigar safe ta gidajen tarihi ce, shigar yamma ta lunguna ce.

Bari in ba da hanyar shigar safe daki-daki. Kada ka shiga ta ƙofofin bakin teku, nan ne hanyar taro. Ka zagaya ta Ƙofar Dambuwaz da ke arewa maso yamma, wadda aka gama a 1512. Za ka bi gada a kan ramin ganuwa, ka wuce tsakanin hasumiyoyi biyu masu kauri, hanya ta lanƙwasa, ka sake wuce wata ƙofar, ta sake lanƙwasa. Ba ado ba ne, da gangan aka yi don kada maharin da ya fasa ƙofar farko ya samu miƙaƙƙiyar hanya, kuma duk inda ya juya akwai masu jiransa daga sama. Ka tsayar da yaron nan mai shekara 11 a nan ka nuna masa, zai fi riƙe wannan fiye da duk abin da ke cikin gilashi.

Kana fitowa fada tana hagunka. In ka gama da ita sai ka gangara Titin Barade, wanda Girkawa ke kira Ippoton. Daga fada gangara ce har ƙasa, shi ya sa aka ce a fara daga sama. Gidajen da ke gefe da gefe masaukan baraden ne, kowane rukuni na masu harshe ɗaya da gidansa: Faransa, Italiya, Furobans (kudancin Faransa), Sifaniya. Ka ɗaga kai ka duba tambarin da aka sassaƙa a saman ƙofofi, shi ne sa hannun wanda ya gina. Yawancinsu ofisoshi ne yanzu, ba a shiga. Ƙarshen titin kana sauka a asibitin baraden, wanda ya zama gidan adana kayan tarihi.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai. Su waye baraden nan da ake ta ambata? Na ɗauka Girkawa ne suka yi ganuwar.

Malamin Tarihi:
Ba Girkawa ba ne. Ƙungiya ce ta mayaƙan Kiristocin Turai da ake kira Baraden Yahaya Mai Tsarki. Asalinsu masu jinyar maziyarta ne a Ƙudus, daga baya suka zama runduna a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Da aka kore su daga Akka a 1291 sai suka zauna Kubrus, daga nan suka kama Rodos wajen 1309. Sun riƙe ta sama da shekara 200.

A 1480 Sultan Muhammadu Alfatih, wanda ya ci Kustantiniyya, ya aiko da runduna, ba ta ci garin ba. Shekarar da ta biyo girgizar ƙasa ta yi wa ganuwar lahani. Waɗannan biyun su suka sa aka sake ginin ta yadda zai jure wa igwa: aka ƙara kauri har wani wurin ya kai mita 12, aka faɗaɗa ramin, aka yi dogayen tudun kariya a tsakiyarsa. Ganuwar da za ka gani yau, mai tsawon kusan kilomita 4, galibinta aikin tsakanin 1480 ne da 1522. A 1522 Sultan Sulaiman Alƙanuni ya zo da kansa, aka yi kusan wata shida ana kewaye da garin. A watan Disamba baraden suka miƙa wuya, ya bar su suka tafi da jiragensu ranar 1 ga Janairu 1523. A 1530 suka samu Malta.

Daga nan Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba tamu ta Sakkwato ba, kada yara su ruɗe) ta riƙe tsibirin har 1912, Italiya ta karɓa, sai bayan yaƙin duniya na biyu ya koma hannun Girka, aka yi bikin haɗewar a 1948. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Ɗan Damagaram:
Tunda Malam ya buɗe wannan babin, bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Fadar nan da kowa ke rububin shiga, yawancinta ba ginin barade ba ne. A 1856 albarushin da aka ajiye a ƙarƙashin tsohuwar cocin da ke kusa ya kama, ya hallaka ɗaruruwan mutane, ya rushe fadar. Italiyawa ne suka sake gina ta a ƙarshen shekarun 1930, don sarkinsu da Musolini, shugaban gwamnatinsu na lokacin, su samu wurin sauka. Manyan zaurukan sama tsarin Italiyawa ne. Hatta zanen ƙananan duwatsun da ke daɓe a ƙasa daga tsibirin Kos aka ciro aka kawo. In mutum kuɗinsa ko lokacinsa na wuri ɗaya ne, ya bar fada ya shiga asibitin. Shi an fara shi a 1440, aka gama a 1489, kuma yana nan kusan yadda aka bar shi: tsakar gida mai baka-baka hawa biyu, da babban ɗakin majinyata a sama wanda tsawonsa ya haura mita 50, da ƙananan ɗakuna marasa taga a jikin bango.

Bazazzagi:
Ɗan Damagaram ka cika tsanani. Ƙofar fadar da hasumiyoyinta biyu da wani ɓangare na ƙasa na asali ne. Kuma zanen daɓen nan, ko daga ina aka ciro shi, tsoho ne na gaske, na zamanin Girkawa da Rumawa. Yara za su fi jin daɗin fada, tana kama da abin da suke gani a zane. Asibitin na manya ne masu haƙurin karanta allo.

Ɗan Damagaram:
Na yarda da batun yara. Amma a gaya musu gaskiya, kada su koma gida suna cewa sun ga ɗakin kwanan shugaban barade.

Maman Walid:
A yi maganar masauki, don nan ne mutane ke yin kuskuren da ke ɓata musu kwana na farko. Hotunan ƙananan otal na cikin ganuwa suna da jan hankali, tsohon gida, tsakar gida da itacen lemo. Abin da hoton ba ya nunawa: tasi ba ta shiga yawancin lungunan, a bakin ƙofar gari za a sauke ku. Ƙasan kuma ba shimfiɗaɗɗen dutse ba ne, tsakuwar teku ce mulmulalla aka kafa ta a tsaye, ɗaya jikin ɗaya. Tayar akwati ba ta birgima a kai, tsalle take, in akwatin ya yi nauyi tayar ta balle. Keken jariri ma haka. Ga matakala masu tsayi a cikin gidajen, babu lif.

Mai iyali da manyan akwatuna ya kama ɗaki a sabon gari, tsakanin Mandiraki da Elli. Ruwa minti 5, ganuwa minti 15. Sai dai a duba taswira a guji titin Orfanidu da kewayensa, layin mashaya ne, kiɗa har asuba. Wanda ya nace sai cikin ganuwa, ya tambayi mai otal tun kafin ya biya: wace ƙofa ce ta fi kusa da ku, kuma kuna aiko mai ɗaukar kaya? Wasu suna da ƙaramar motar lantarki da ke zuwa bakin ƙofa.

Ɗan Gwale:
Ƙari a kan takalmi. Silifas da takalmi mai tsini duka a bar su a ɗaki. Tsakuwar nan ƙafafu sun goge ta shekara ɗaruruwa, tana da santsi, kuma in tafin takalmi siriri ne bayan awa biyu kamar ana danna maka ƙafa da guduma. Kambas mai kaurin ƙasa shi ne magani. Ruwa kuma a lissafa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum a fitar safe. A saya a kiyos ɗin bakin titi, ƙaramar gora ba ta kai yuro ɗaya ba, a teburin gidan abinci kuwa sai yadda suka ga dama.

Kuma kada ka dogara da taswirar waya a lungunan kudu. Bangon yana da tsayi, hanyar ƙunci, alamar da ke nuna inda kake sai ta yi ta tsalle daga layi zuwa layi. Dabarar ita ce gangara: ƙasa tana sauka ne zuwa teku, duk lokacin da ka ɓace ka bi gangara za ka fito titin Sokiratus ko dandalin Ippokiratus. In ka ga baka-bakan dutse sun haɗa gida da gida ta saman lungu, tokare ne saboda girgizar ƙasa.

Anti Larai:
Ba wanda ya yi maganar sallah. Akwai masallacin da ake sallah a ciki, ko duk sun zama na kallo?

Malamin Tarihi:
Akwai. Masallacin Ibrahim Fasha, wanda aka gina a 1540, yana dandalin Filatonos kusa da titin Sofokiliyus, shi ne Musulmin garin ke amfani da shi, nan ake Juma'a. Kada a ruɗe shi da jan masallacin nan mai kubba da ke saman titin Sokiratus, wato na Sulaiman. Shi aka fi ɗauka a hoto, an kafa shi bayan cin garin, aka sake gina shi a 1808, amma yanzu wurin tarihi ne, ba a dogara da shi don salloli biyar. Daura da shi akwai ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga na 1793, mai tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da Farisanci da Turkanci. Tsakar gidansa da inuwa, wurin hutawa ne mai kyau in an same shi a buɗe.

Dalilin da ya sa har yau akwai Musulmi 'yan asalin wurin: da aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, Rodos tana hannun Italiya, yarjejeniyar ba ta shafe ta ba. A zamanin Turkawa Musulmi da Yahudawa ne ke kwana cikin ganuwa, Girkawa suna shiga kasuwanci da rana, unguwanninsu kuwa a waje suke. Unguwar Yahudawan tana gabas, akwai wurin ibadarsu na Kahal Shalom na 1577, wanda ya fi kowanne tsufa a Girka. A watan Yuli 1944 'yan Nazi suka kwashe kusan dukkan al'ummar, kaɗan ne suka dawo. Dandalin da ke da maɓuɓɓugar ruwa mai dokin teku uku, don tunawa da su aka sa masa suna.

Bazazzagi:
A kula da alƙibla. Mu mun saba da cewa gabas, a Rodos kuwa kudu maso gabas ce, wajen digiri 143 daga arewa, ta ma fi karkata kudu kaɗan. Wanda ya fuskanci mafitar rana ya kauce sosai. Agogonsu a lokacin zafi yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma a Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8. A sa gorar roba a jaka, ba za a samu buta a banɗakinsu ba. Takardar goge jiki kuma kwandon da ke gefe ake jefa ta, bututunsu sirara ne, suna toshewa.

Baban Hanifa:
Allah ya saka. To Elli ɗin kansa fa? Ƙaramar ba ta iya ruwa ba, babban yana ɗan taɓawa.

Maman Walid:
To a saurara da kyau. Garin yana kan tsinin arewa na tsibirin, ruwa ta gefe biyu, kuma gefen biyu ba ɗaya ba ne. Na yamma, wanda ke kallon hanyar filin jirgi, shi iska ke duka kai tsaye: igiyar ruwa, manyan duwatsu, lema tana tashi. Na masu wasan iska ne, ba na yara ba. Elli yana ɗaya gefen, tsinin ya kare shi. A kan tsinin akwai gidan kifaye da Italiyawa suka gina a shekarun 1930. Kada kowa ya yi iyo daidai wurin, nan ruwan gefe biyu ke haɗuwa, yana da ja.

Elli ba rairayi ne mai laushi ba, tsakuwa ce da yashi mai kaushi, da tsakar rana tana ƙona tafin ƙafa. A sayi takalmin ruwa na roba, ana sayarwa a shagunan bakin hanya. Abin da ya fi muhimmanci: ƙasan ruwan ba a hankali yake zurfi ba. Taku uku huɗu ruwa ya kai ƙirjin babba, kaɗan gaba ƙafa ta daina taɓa ƙasa. Kuma ruwan garau yake, kana ganin tsakuwar ƙasa sai ka ɗauka kusa take. Ƙaramar ta sa rigar da ke hana nitsewa mai ɗauri, ba zoben hurawa ba, zobe iska na iya jan sa da yarinyar a ciki. Babba ɗaya ya tsaya cikin ruwa tsakaninta da zurfi, ba a kan kujera yana kallo ba. A zauna kusa da hasumiyar mai ceto, in an ɗaga jar tuta ba shiga. Lambar gaggawa 112.

Ɗan Gwale:
Yaron zai ga wani gini na kankare a tsakiyar ruwa, mai hawa-hawa, samari suna tsalle daga kai. Shi ma tun zamanin Italiyawa yake. Daga bakin gaɓa kamar kusa, amma duk tazarar cikin ruwa mai zurfi ce, zuwa da dawowa. Mai ɗan taɓa iyo ba ya zuwa can, ko ya yi kuka.

Kujeru da lema na haya ne, ana biyan kujera biyu da lema ɗaya a haɗe, layin gaba ya fi tsada, wani wurin kuma sai an ce dole ka sayi abin sha. Ka tambayi kuɗin kafin ka ajiye jaka. Amma ka sani bakin teku a Girka na jama'a ne, babu kuɗin shiga, kuma doka ta tilasta a bar fili ga wanda ya zo da tawul ɗinsa. Wanda zai zo ƙarfe 7 ya tashi 9 da rabi ba ya buƙatar lema ma.

Anti Larai:
Matar da ke son shiga ruwa da cikakkiyar sutura fa, ana hana ta?

Maman Walid:
Ba a hanawa a bakin teku, Anti. Sai dai ta sa kayan ninƙaya na musamman masu rufe jiki, irin yadin da ba ya shan ruwa. Atamfa ko abaya in ta jiƙe nauyi take, tana naɗe ƙafa, a wurin da ke zurfi da wuri wannan haɗari ne. Kududdufin otal kuwa kowanne da dokarsa, a tambaya. Akwai famfon wanka a fili don wanke gishiri, da 'yan ɗakunan sauya kaya, amma ga mai masauki kusa ya fi sauƙi ta ɗora doguwar riga ta koma ɗaki.

Ɗan Damagaram:
A hanyar Elli za ku wuce Mandiraki, inda barewa biyu na tagulla ke tsaye a kan ginshiƙai a bakin mashigar ruwa. Za ku ji ana cewa nan ne ƙaton gunkin nan na Rodos ya tsaya, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, jirage na wucewa ta ƙarƙashinsa. Gunkin gaskiya ne, na tagulla, tsayinsa wajen mita 33, an gama shi wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa, girgizar ƙasa ta kayar da shi bayan shekara hamsin da 'yan kai. Amma buɗe ƙafar nan ƙirƙira ce ta mutanen baya, ƙarfen ba zai ɗauki kansa a haka ba. Ko ɓallinsa babu a yau, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai nuna muku. Abin da ke akwai shi ne injinan niƙa uku masu aiki da iska a kan doguwar gaɓar, da sansanin Nikolas a ƙarshenta. Can gefen Elli kuma akwai masallacin Murad Rais da tsohuwar maƙabartar Turkawa, duwatsun kabarin maza an sassaƙa musu rawani a kai.

Baban Hanifa:
Saura ciki. Me za a ci, me za a guje wa?

Bazazzagi:
Kalma ɗaya ka haddace: hirino, wato alade. Naman nan da ke juyawa a jikin ƙarfe kamar shawarma, wanda suke kira giros, in ba a faɗi komai ba na alade ne. Tsirensu, subulaki, shi ma haka. Kaza kotopulo, naman sa moshari, rago arni, kifi pisari. Ko ka ce kaza, ka leƙa ka gani, sau da yawa wuƙa ɗaya ce da faranti ɗaya na gashi. Niƙaƙƙen nama ya fi ruɗi, don ana gauraya na sa da na alade, sai ka tambaya. Wasu miyar naman kuma da giya ake dafa su. Batun yanka kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi, ba nan za mu warware shi ba.

Hanya mai sauƙi ita ce kifi da ganye, kuma a nan Rodos ba ta da rowa. Ku nemi pitarudiya, abincin tsibirin ne, ɗan'uwan ƙosai: wani wake mai ƙwallo ake niƙawa da albasa da tumatir da na'ana'a a soya. Akwai manyan wake a miyar tumatir, akwai tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa (a tambaya ko da nama), akwai salak da cuku. Tsarabar gida kuwa melekuni, riɗi da zuma, wanda suke rabawa a bikin aure. Duk wanda ya san kantun riɗi zai gane shi, sai dai wannan da taushi da ƙamshin ɓawon lemo.

Ɗan Gwale:
A kan kifi: babban kifi da kilo ake sayarwa, kuɗin da ke rubuce na kilo ɗaya ne, ba na faranti ba. Ka ce a auna a gabanka a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. Kuma a manyan dandalin cikin ganuwa, duk inda ka ga mai kira yana tare hanya, ko takardar abinci mai hotuna babu farashi, wuce. Sukan tambaya babba ko ƙarami, ka ce babba a kawo lemo a kofi kamar bokiti da kuɗinsa. Layi biyu zuwa uku daga Sokiratus, ta wajen titin Ayiyu Fanuriyu ko Omiru, abincin ya fi, kuɗin ya sauka. Ka karɓi rasit ko da yaushe. A dokarsu, wanda ba a ba shi rasit ba bai zama dole ya biya ba, za ka ga an rubuta hakan a jikin takardar abinci.

Alhajin Kwatano:
Ku ba ni dama in shigo da wata. Daga Rodos ana hango duwatsun Turkiyya, kuma jirgin ruwa mai sauri yana kai mutum Marmaris cikin kusan awa ɗaya. Za ku ga tallar zuwa a dawo a yini. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ya yi hattara sau biyu. Na farko, Turkiyya tana da tata bizar. Na biyu, wanda ya fi muni: in bizar Shengen ɗinka, wato bizar ƙasashen Turai da ka shiga Girka da ita, ta shiga sau ɗaya ce, kana taka jirgin nan ka fita, ta ƙare, ba za a bar ka ka dawo ba, ga kayanka a otal a Rodos. A duba jikin bizar inda aka rubuta adadin shiga. Tsibirin Simi kuwa cikin Girka yake, babu wannan matsalar, sai dai ga mai kwana biyu ban ga wurin sa shi ba.

Ga waɗanda ba su nema ba tukuna: kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, na Yuli kada ya wuce Afrilu bai shigar ba. Daga Atina, babban birnin Girka, jirgin sama kusan awa ɗaya ne, jirgin ruwa daga Firayus, tashar jiragen ruwan Atina, kuwa kwana ake a hanya. Filin jirgin yana kilomita 14 daga gari, bas tana saukewa kusa da Sabuwar Kasuwa a Mandiraki.

Bazazzagi:
Kuɗin shiga gidajen tarihi na gwamnati an sauya shi a Afrilu 2025, saboda haka tsofaffin alƙaluman da ke yawo a intanet sun yi ƙasa da gaskiya, a duba shafin ma'aikatar al'adunsu. A riƙe fasfo ɗin yara a hannu a wurin sayen tikiti, da shi ake tabbatar da shekaru in akwai rangwame.

Amma abin da na fi so a sa a yammacin rana ta biyu kyauta ne: ramin ganuwa. Bai taɓa ɗaukar ruwa ba, busasshe ne, yanzu hanya ce ta tafiya da ciyawa a gefe. Ana shiga ta kusa da Mandiraki a bayan tashar tasi, a zagaya ta gefen tudu a fito wajen Ƙofar Akandiya, kusan awa ɗaya da yara. Daga ƙasa ne ake gane girman abin, bango ta dama bango ta hagu, ga ƙwallayen dutse na igwa zube a ƙasa, wasu sun kai gwiwar babba. Babu shago a ciki, babu famfo, inuwa kaɗan ce, mafita kuma ba ta da yawa, don haka ba a shiga da tsakar rana.

Ɗan Damagaram:
Hawa kan ganuwar kuma daban ne. Daga harabar fada ake hawa, a sauka ta wajen Ƙofar Yahaya a kudu. Ba kullum ake buɗewa ba, kuma awannin kaɗan ne, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da babu inda za a fake. A Yuli da yarinya 'yar shekara 6, ga wuraren da babu abin dafawa a gefe, ni ban ba da shawara ba. Ramin ya wadatar.

Baban Hanifa:
To ga yadda na tsara, a gyara mini. Masauki a sabon gari. Rana ta farko: Dambuwaz ƙarfe 8, fada, Titin Barade, asibiti, a fita kafin 12, a huta, da yamma Mandiraki da gidan kifaye. Rana ta biyu: Elli ƙarfe 7, hutu, ƙarfe 5 ramin ganuwa, sai lunguna da masallacin Ibrahim Fasha, a ci abincin dare a ciki.

Maman Walid:
Ya yi. Gyara biyu kawai. Ramin ku mayar da shi ƙarfe 6, a Yuli ƙarfe 5 rana tana nan da ƙarfinta, kuma haske zai kai ku har bayan 8. Sannan lokacin hutun rana a ja wa yara kunne: daga ƙarfe 3 zuwa 5 da rabi lokacin shiru ne a dokarsu, maƙwabta na barci, guje-guje a barandar otal yana jawo ƙwanƙwasa ƙofa.

Ɗan Gwale:
In ɗaya daga cikin kwanakin ya faɗo Juma'a, ka musanya su yadda safiyar gari za ta zama ranar. Daga asibitin zuwa dandalin Filatonos bai fi minti 10 ba, ka ga kun fito gidan tarihi kun wuce masallaci kai tsaye. Ka leƙa tun ranar Alhamis ka tambayi lokacin huɗuba.